Sirinjin Da Na Ƙi Sayowa

Yau ba zancen goro zan yi ba, ba kuma na kuɗin mota ba. Wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san wasu za su ce yaron nan ya cika rawar kai, me ya haɗa ɗan mai goro da zancen allura da ƙanjamau? To a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, in ya so sai a yanke mini hukunci.

A Sabo ta Badun aka haife ni, a nan na tashi, a nan na gama sakandare. Unguwar tun 1916 take, kuma goro da shanu ne suka kafa ta. Mahaifina goro yake saye daga ƙauyukan Ondo da wajen Ife, a ɗaure huhu, a loda wa babbar mota zuwa Kano da Sakkwato. Aikina shi ne zama a shago da littafin lissafi. Duk wanda ya san Sabo ya san abu guda: babu sirri a cikinta. In ka yi atishawa a bakin masallacin Juma'a, kafin ka isa gida an ce mura ta kwantar da kai. Mai karatu ya riƙe wannan, domin zai yi amfani a gaba.

A gidanmu akwai wani yaron Baba da ya girme ni da kusan shekara goma, Yaya muke ce masa. Shi ke bin mota in an yi lodi. A 2019 mota ta faɗi da su a hanyar Ilori, ya karye a cinya. Ya sha ɗori, ya sha wahala, dare ba barci saboda zogi. Wani mai kemis ya fara yi masa allurar penta. Ga wanda bai sani ba, penta maganin kashe zafi ne mai ƙarfi, dangin su tiramol da kodin, a asibiti ake yin sa ga wanda aka yi wa tiyata ko mai sikila in ciwonsa ya tashi. Ƙafa dai ta warke. Allura kuwa ba ta sake shi ba. Da kuɗin mai kemis ya yi masa yawa sai ya koyi yi wa kansa, kuma a tasha ya sami abokan yi, sirinji ɗaya na zagaya mutum uku ko huɗu a bayan mota.

Matarsa, wadda muke kira Anti, daga wani ƙauye a Arewa aka kawo ta tana da shekara 19. Ba ta jin Yarbanci, ba ta jin Turanci, ba ta da ko ɗan uwa ɗaya a Badun. Iyakarta tsakar gida, sai ko biki ko suna a cikin unguwa. Ta yi ɓari, ciwon mara ya sa ta gaba, shi kuma da yake yana da magani a aljihu sai ya ji tausayinta. Wallahi na yarda da farko tausayi ne. Ya fasa kwalba ɗaya, ya yi wa kansa rabi, ya yi mata rabi. Da sirinjin da ya fito daga jikinsa.

Duk wannan daga baya na san shi. Abin da na gani da idona shi ne wata rana a 2021, azumi ya ƙarato, na shiga cikin gida ɗauko abincin Baba, sai ta kira ni daga bayan labule. Ta miƙo mini naira ɗari biyu a dunƙule, ta ce, "Ƙanina, don Allah ka sayo mini sirinji guda biyu. Ka je can Mokola, kada ka saya a nan unguwa." Na ce, "Anti, wa ye ba lafiya?" Ta yi shiru. Can ta ce, "Yayanka guda ɗaya yake ajiyewa, bakinta har ya dakushe, in ya yi mini sai wurin ya kumbura." A nan na lura da hannunta.

Na mayar mata da kuɗinta. Ban tsaya nan ba, na ƙara mata da wa'azi, ni ɗan shekara 20 da bai san komai ba sai lissafin huhun goro. Na ce ta ji tsoron Allah, na ce ba da ni za a yi wannan ɓarna ba. Na fita ina jin kaina kamar wanda ya yi wani babban aikin lada. Ban faɗa wa kowa ba, don ina ganin rufin asiri nake yi. Wata bakwai suka ƙara yi da sirinji ɗaya, kafin kuɗin shago su fara ɓata, asiri ya tonu. Da aka kai su gwaji, su duka biyun suna da ƙanjamau, suna kuma da ciwon hanta nau'in C.

Tun daga lokacin na shiga karance-karance a waya, duk abin da na samu a kan masu allurar ƙwaya. Ni ba likita ba ne, amma ɗan kasuwa ya san lissafi, kuma lissafin da na tarar ya ɗaure mini kai.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun fitar da wani babban bincike a farkon 2019. Sun ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka taɓa kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Masu yi da allura kimanin 80,000 ne, kashi 78 cikin 100 maza. Wato in ka tara masu allura biyar, da ƙyar ka sami mace ɗaya. Kowa zai ɗauka matsalar ta maza ce. To amma ga inda gizo ke saƙar. A binciken da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta yi a 2010, cikin maza masu allura kimanin kashi 3 ne ke ɗauke da ƙanjamau. Cikin mata masu allura kuwa, kashi 21. Ninki bakwai ke nan. Kuma ba a Nijeriya kaɗai ba. A Dakar ta Senegal an gwada masu hodar ibilis da hiroyin a 2011, aka sami kashi 13 a mata, kashi 3 a maza. A Darussalam ta Tanzaniya, a tsakiyar shekarun 2000, fiye da kashi 60 na mata masu allura suna da cutar, maza kuwa ba su kai kashi 30 ba. Ciwon hanta nau'in C ma haka: a 2017 wasu masana sun tattara bincike 28, yawancinsu daga Turai da Amurka da Ostireliya, suka ga mace mai allura ta fi namiji saurin kamuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Su ne kaɗan a sahun masu yi, su ne kan gaba a sahun masu kamuwa. Me ya kawo haka?

Amsar da za ka ji a majalisa na san ta, domin na ji ta da kunnena a ƙofar shagonmu: ai macen da ta kai ga allura ta riga ta lalace, bin maza take yi. Akwai matan da wannan ya shafa, ba na musu. Ƙwaya tana son kuɗi kullum, namiji zai yi dako ko acaba ko sata, mace kuwa in ba ta da sana'a sau da yawa jikinta ake nema a maimakon kuɗi, kuma wadda jikinta ke rawa saboda rashin allura ba ta da bakin cewa a sa kwaroron roba. Gaskiya ne kuma cewa a wajen kwanciya ƙanjamau ya fi saurin wucewa daga namiji zuwa mace, kusan ninki biyu. Ko a cikin sauran jama'a, babban gwajin da aka yi a faɗin ƙasar nan a 2018 ya nuna kashi 1.9 a mata, kashi 0.9 a maza. Amma ninki biyu daban, ninki bakwai daban. Kuma ciwon hanta nau'in C ba kasafai yake bin kwanciya tsakanin miji da mata ba, jini yake bi. In mata masu allura sun fi kamuwa da shi, to sai a duba allurar.

Da na duba allurar, Anti na gani. Yawancin mata ba su ne ke fara yi wa kansu ba. Miji ne, ko saurayi, ke fara yi musu. Shi ya san inda ake sayarwa, shi ke da kuɗin, shi ke haɗawa, shi ke riƙe da sirinji. Kuma mutumin da jarabar ke cinsa ba zai ce bismillah fara ba. Kansa zai fara yi wa, sannan ya juyo kanta. Ita ce ta biyu, yau da gobe da jibi. Duk abin da ya kwaso a tasha, a cikin wannan ɗan jinin da ya rage a bakin allura yake, kuma jikinta ne masaukinsa. Jijiyoyin mata da yawa ƙanana ne, suna wuyar samu, shi ya sa wasu ke shekaru ba su iya yi wa kansu ba, sai sun jira shi. In ta ce a sayo mata nata daban, ya zama magana: wato ƙyamata kike yi? Wato ba ki yarda da ni ba? A wasu gidajen mari ne zai biyo baya. Matar da aka tarbiyyantar a kan kada ta ɗaga wa miji murya, ta yaya za ta ce masa jininsa take tsoro?

Wani zai ce ai suna wankewa da ruwa. Yaya ma yana wankewa, a kofi. Ruwa ba ya kashe waɗannan ƙwayoyin cuta. An gwada a ɗakin bincike a Amurka a 2010, aka ga ƙwayar ciwon hanta nau'in C tana iya kai wata biyu da rai a cikin wani irin sirinji. Ta nau'in B tana yin mako guda a busasshen jini. Ƙanjamau shi ne mai rauni a cikinsu, in an yi amfani da allurar mai ɗauke da shi sau ɗaya, haɗarin bai kai ɗaya cikin ɗari ba. To amma ɗauki alƙalami. Sau biyu a rana, kwana 365, sau 730 ke nan. Wanda ke tsallake rijiya sau 730 a shekara, ko makaho ya san ƙarshensa. Wata bakwai ɗin da na yi shiru, sau ɗari huɗu da ɗoriya ne. Na sha yin wannan lissafin a bayan littafin shago.

Don kada a ce jikin mace ne ke da rauni, ga wani abu. Cikin masu kamuwa da ciwon hanta nau'in C, kimanin uku cikin goma jikinsu ke korar cutar da kansa cikin wata shida, kuma mata sun fi maza samun wannan sa'a. Ciwon hanta nau'in B kuwa, wanda gwajin 2018 ya nuna yana jikin kashi 8.1 na manyan Nijeriya, maza sun fi mata ɗauke da shi. Don haka a halitta ba a bar mace a baya ba. A wajen layin allura aka bar ta a baya, da kuma wajen ƙofar asibiti.

Zancen ƙofar asibitin nan ne ya fi ƙona mini rai, domin a gidanmu aka yi shi, kuma mutanen kirki ne suka yi. Da asiri ya tonu, Baba ya tara dattawa. Aka yanke shawara a kai Yaya Arewa wajen gyaran hali. Ya yi wata huɗu ya dawo ya yi ƙiba, aka yi masa barka, aka mayar da shi bakin aikinsa. Yana karɓar maganin ƙanjamau kyauta a wani asibiti can nesa da Sabo, ya hau acaba ya tafi ya dawo, ba mai tambayar namiji ina za shi. Maganin hantar, wanda na kuɗi ne, Baba ya biya masa. Wata uku ya sha, aka sake gwaji, babu ita. Ga wanda bai sani ba, ciwon hanta nau'in C yanzu ana warkewa sarai, ƙwaya ɗaya a rana na mako 12, kuma fiye da kashi 95 na masu sha suna rabuwa da shi.

Anti fa? Kafin mako ya zagayo labari ya gama unguwa cewa ita ta koya masa. Yarinyar da ba ta san hanyar Mokola ba! Mata 'yan uwanta ne suka fi yayata zancen, a gidan suna da wajen kitso. Aka ce ya sake ta don ya samu ya shiryu. Aka sa ta a motar goro da akwatinta da takardar gwaji da ba ta iya karantawa, aka mayar wa iyayenta. Ba wanda ya ce a kai ta gyaran hali. Ba wanda ya yi tunanin yadda jikin da ya saba da allura sau biyu a rana zai yi a kan hanyar kwana biyu. Laifi ɗaya, allura ɗaya, shi an kira shi jarrabawa, ita an kira shi abin kunya.

Hukumomi ma sun lura da wannan. A Nijeriya mace ɗaya ce cikin masu shaye-shaye huɗu, amma a wuraren jinyar masu shaye-shaye mace ɗaya ce cikin kusan ashirin. Sauran suna ina? Suna ɗaka. Mai 'ya'ya na tsoron a ƙwace mata 'ya'ya, mai aure na tsoron takarda, budurwa na tsoron rasa mijin aure har ita har ƙannenta. Ga tsoron hukuma, domin dokar da ta kafa hukumar NDLEA a 1989 ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da hodar ibilis ko hiroyin da makamantansu.

Mu kuma mazauna Kurmi namu ya ninka. Matar da ke Kano ko Zariya, in ta rasa mafita, tana da gidan yayarta, tana da gwaggo, tana iya sa hijabi ta shiga asibitin wata unguwa ta yi bayani da Hausa. Wadda aka kawo Sabo ko Shasha ko Agege ko Shagamu, wa take da shi? A cikin unguwa mai kemis ya san mijinta, ya san surukinta, sahu ɗaya suke sallah. A wajen unguwa kuma ba ta jin yaren ma'aikaciyar jinya, sai da tafinta, tafintan kuma mijin ne ko ƙanin mijin. Sannan akwai wata cuta tamu ta baƙi: kullum muna tsoron kada Yarbawa su ji, kada a ce Hausawa ne 'yan ƙwaya. Saboda kare sunan al'umma sai mu tura mara lafiya gida a ɓoye, mu ce mun kashe wuta.

Yanzu ga ra'ayina, kuma na san nan ne za a fara jifana. Ina ganin ya kamata a bai wa masu allura sabon sirinji, kyauta, ba tare da tambaya ba, kuma a nemi hanyar da zai isa hannun mata. Na san abin da za a ce, domin ni ma shi na ce a bayan labulen nan: taimakon ɓarna ne. To ni na gwada ƙin taimakon, na ga sakamakonsa. Ƙin da na yi bai hana allura ko ɗaya shiga jikinta ba. Abin da kawai ya canja shi ne da wace allura aka yi. Mai shaye-shaye yana iya tuba gobe ko baɗi, kamar yadda Yaya ya tuba. Ƙanjamau kuwa in ya shiga, tuba ba ta fitar da shi, magani ne har ƙarshen rai. Malamanmu sun karantar da mu cewa in ɓarna biyu suka haɗu kuma ba makawa, ana ɗaukar ƙaramar don a kauce wa babbar. Ban ga inda wannan ya fi dacewa ba kamar nan.

Kuma ba Turawa kaɗai ke yi ba. Maleshiya, ƙasar Musulmi, ta fara ba da maganin mesadon mai rage jarabar hiroyin a 2005, ta fara rabon sirinji a 2006. A da, yawancin sababbin masu ƙanjamau a ƙasar masu allura ne, wajen kashi 70. Kafin 2020 sun koma ƙasa da kashi 5. Har wani masallaci a birnin Kuala Lumpur ya riƙa ba da maganin a harabarsa daga 2010. Iran ma ta bi wannan hanya, kuma da suka ga mata ba sa zuwa inda maza suke, sai aka buɗe wurin jinya na mata zalla a Tehran a 2007. A Afirka ta Yamma, Senegal ta buɗe cibiyarta a Dakar a ƙarshen 2014. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin a kai sirinji 300 ga kowane mai allura a shekara kafin 2030. Nijeriya ta yi gwajin rabon a 2020 a jihohi uku, Abiya da Gombe da wannan Oyo da muke zaune a ciki.

Sai dai irin wannan shiri tasha yake zuwa, da kango, da ƙarƙashin gada, inda maza ke taruwa. Ko da motar rabon ta tsaya a ƙofar gidanmu, Anti ba za ta fito ba. In an bai wa miji goma, shi zai yanke nawa zai ba ta. Don haka in ana son a kai ga matanmu, sai ta hannun waɗanda ke shiga ɗaka ba a tambaye su: ungozoma, malamar Islamiyya, dillaliya, mai kitso. Su ne suka yaɗa labarin Anti cikin mako guda, su ne kuma za su iya kai sirinji da kayan gwaji cikin kwana guda in an koya musu, an kuma koya musu riƙe baki. Kowane asibitin da ke kusa da zangon Hausawa ya kamata a ce yana da mace ɗaya mai jin Hausa, wadda ba 'yar unguwar ba. Wajen awon ciki ma dama ce, domin ita ce fitar da ba a hana mace. Uwa mai ƙanjamau in tana shan magani tana haihuwar ɗa lafiyayye, jariri kuma in aka yi masa rigakafin hanta nau'in B cikin awa 24 na haihuwa an tsare shi daga abin da ke jinin uwarsa. Af, wannan rigakafin sai a 2004 ya shiga jerin na yara a Nijeriya, don haka ire-irena da aka haifa kafin nan ba mu samu ba. Ni na je an yi mini sau uku, na kuma ja ƙannena biyu. Ina shawartar mai karatu, musamman mai zuwa wajen wanzami ko mai yankan farce na bakin titi.

Na ji daɗi da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Kano a 2024, wadda ta haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Abu ne mai kyau. Amma Anti lafiya lau ta shigo gidanmu. Da an yi mata gwaji ranar ɗaurin aure da ta ci. A ɗakin aurenta cutar ta same ta, shekara uku bayan an watse daga biki, kuma babu dokar da ke leƙa nan. Ina ganin limamanmu na Sabo da ke huɗuba a kan shaye-shaye, Allah Ya saka musu, ya kamata su ƙara jimla ɗaya da ban taɓa ji a kan mumbari ba: wanda ya san yana allura, ya je gwaji, ya kai matarsa, kuma kada ya kusance ta da allurar da ta taɓa jikinsa. Dattawa kuma in sun zauna shari'ar irin wannan gida, a tuna mutum biyu ne marasa lafiya.

A watan Sha'aban da ya wuce na bi mota zuwa Arewa, na sauka a hanya na shiga ƙauyensu. Ta rame, amma tana nan. Ta daina allura, ba don an yi mata jinya ba, don babu mai sayar da penta a ƙauyen ne. Ta ce kwana goma na farko ta ɗauka mutuwa za ta yi, iyayenta suna ta yi mata turaren aljanu. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar garin ce ta karanta takardar nan, ta sa ta a kan maganin ƙanjamau, tana hawa mota zuwa cikin gari ta karɓo, ana cewa maganin hawan jini ne. Na hanta kuwa ba ta sha ba har yanzu. Na nemi gafararta a kan maganar sirinji. Ta yi dariya ta ce, "Ƙanina, ai kai yaro ne lokacin." Sannan ta tambaye ni ko Yaya ya yi aure. Na ce ya yi.

Da na dawo na sami Baba bayan la'asar, na buɗe masa shafin da na rubuta kuɗin maganin Yaya da hannuna, na ce, "Baba, saura rabin wannan lissafin." Ya daɗe yana kallon littafin. Ya ce ai yanzu ba matar gidan nan ba ce. Na ce a gidan nan ta samu. Bai yi faɗa ba, ya dai ce in bari sabon goro ya shigo mu ga yadda kasuwa za ta yi. Sabon goro ya fara shigowa makon jiya, kuma na bar shafin a buɗe a kan tebur.